Tarihin Dokta Romberg, Likitan Talakawa Da Ya Gano Ciwo Ta Hanyar Rufe Ido

 A yau za mu leƙa ƙasar Jamus ne domin mu kawo muku tarihin wani likita da ya bar duniya fiye da shekara 150 da suka wuce, amma har gobe ana ambaton sunansa a ɗakunan duba marasa lafiya, tun daga manyan asibitocin Turai har zuwa asibitocin gundumominmu na Agye da Gidan Rumji. Abin da ya sa muka zaɓo shi kuwa shi ne yawan koken da muke ji daga iyayenmu mata masu sana'a a kasuwa da kuma ƴan kasuwa masu fama da ciwon suga, cewa ƙafa ta yi musu dindiris, idan dare ya yi sai su riƙa tangaɗi kamar ƙasa na zamewa a ƙarƙashinsu. Wannan likita, mai suna Moritz Heinrich Romberg, shi ne ya bar wa duniya hanya mafi sauƙi ta auna irin wannan tangaɗi, hanyar da ba ta buƙatar na'ura ko lantarki ko sisin kwabo.

Shi dai Romberg an haife shi ne a ranar 11 ga watan Nuwamba 1795 a wani ƙaramin gari da ake kira Meiningen, shekara tara ke nan kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa kuma ɗan kasuwa ne wanda ya rasu tun yaron yana ƙarami. Bayan rasuwar sai mahaifiyarsa ta tattara ta koma birnin Balin da shi, inda ya yi makaranta har ya shiga jami'ar birnin, wadda ita ma a lokacin sabuwa ce fil, don a 1810 aka buɗe ta. Ya kammala karatun likita a shekarar 1817 bai wuce shekara 22 ba, kuma littafin da ya rubuta na kammala karatu a kan jariran da ake haifa da tawayar ƙashi ne. Daga nan ya tafi birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya ƙaro ilimi na ɗan lokaci, sannan ya dawo gida. Don masu karatu su gane zamanin, wannan ya zo daidai da shekarun da Katsinawan da suka baro birninsu a ƙarƙashin Ɗan Kasawa suke kafa zamansu a Maraɗi.

A shekarar 1820 hukumar birnin Balin ta ba shi aikin likitan talakawa. Aiki ne da manyan likitoci ba su cika rububinsa ba, domin kuwa sai ka bi lungu-lungu, ka shiga ɗakuna masu duhu da sanyi, ka duba mutanen da ba su da abin biyan ka. Romberg ya riƙe wannan aiki har shekara 25. A ganinmu nan ne asalin iliminsa yake. Likitan attajirai yakan ga majiyyaci sau ɗaya ko sau biyu, idan bai ji sauƙi ba ya sauya wani likitan, amma talaka ba shi da inda za shi, don haka Romberg yakan bi mutum ɗaya shekara da shekaru, ya ga yadda ciwo ya fara daga yatsan ƙafa, ya ga yadda ya hau, ya ga yadda ya ƙare. Ciwon jijiya kuwa ciwo ne mai tafiyar hawainiya, wanda bai zauna da shi ba ba zai san halinsa ba. Haka kuma idan majiyyacin ya mutu yakan nemi a bincika gawar don a ga abin da ya lalace a ciki, ya haɗa da abin da ya gani lokacin da mutumin yake da rai.

Lokacin da annobar kwalara ta faɗa wa Balin a 1831, shi aka danƙa wa ɗaya daga cikin asibitocin da aka ware wa masu cutar, haka kuma aka sake yi da ta dawo a 1837. Bai gudu ba, kuma Allah ya yi da sauran kwanansa.

Abin da ya juya akalar rayuwarsa shi ne littafin wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Charles Bell, wanda Romberg ya fassara daga Ingilishi zuwa Jamusanci a 1832. A nan sai mun ɗan tsaya, don mu a Hausa kalmar jijiya ɗaya muke da ita, da ta jini da ta ji duk jijiya muke cewa. Waɗanda muke magana a kansu su ne farare masu kama da zare, da suka taso daga ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suka bazu ko'ina a jiki. Bell da wani Bafaranshe mai suna Magendie sun nuna cewa waɗannan jijiyoyi kashi biyu ne. Wasu suna ɗaukar umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, su ce wa hannu ɗaga, su ce wa ƙafa taka. Wasu kuma labari suke kawowa daga gaɓoɓi zuwa ƙwaƙwalwa, cewa ga zafi, ga ƙaya, ga gangare. Kamar dai babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji da Cadawa da Agye da Gazawa ce, wasu motoci na kai kaya, wasu na dawowa da saƙo. Yana yiwuwa hannun kai kaya ya zauna lafiya lau, na dawowa ya toshe. Mutum yana da ƙarfin ƙafarsa, zai iya harbin ƙofa ta buɗe, amma bai san inda ƙafar take ba sai ya dube ta.

A kan wannan rabe-rabe Romberg ya gina babban littafinsa na cututtukan jijiya, wanda ya riƙa fitowa kashi-kashi daga 1840 zuwa 1846. Masana tarihin likitanci suna ɗaukar sa a matsayin littafi na farko da ya tsara wannan fanni daki-daki, kuma a 1853 aka fassara shi zuwa Ingilishi a Landan. A tsakanin waɗannan shekaru ya zama shugaban asibitin jami'a na masu zuwa a duba su su koma gida, a 1840, sannan ya zama cikakken farfesa a 1845.

To a cikin wannan littafi ne ya siffanta wani ciwo na lakar gadon baya da likitoci ke kira tabes, kuma duk wanda ya daɗe da ciwon suga idan aka karanta masa siffar sai ya ce ai da shi ake. Ya bayyana cewa majiyyaci yakan daina jin ƙasa sosai a tafin ƙafarsa, sai ya riƙa ji kamar a kan ulu yake tsaye, ko a kan rairayi mai laushi, ko kan salka cike da ruwa. Mahayin doki yakan daina jin likkafa. Saboda rashin tabbas sai mutum ya riƙa buga diddige da ƙarfi idan yana tafiya, idonsa kuma kullum a kan ƙafarsa. Idan duhu ya yi abin sai ya ƙaru. Daga nan sai ya kawo gwajin da ya ɗauki sunansa: a sa majiyyaci ya miƙe tsaye, a ce ya rufe ido, nan take sai ya fara layi yana neman faɗuwa, alhali da idonsa a buɗe yana tsaye daram.

Don a yi adalci, ba shi kaɗai ya lura da wannan ba. Wani likitan Ingila mai suna Marshall Hall da wani Bajamushe mai suna Bernardus Brach sun ambaci irin haka a kusan lokaci guda. Bambancin shi ne Romberg ya mayar da abin gwaji da ake yi wa majiyyaci da gangan, ya koyar da ɗalibansa, shi ya sa sunan ya bi shi.

Akwai wani hali nasa da muke so ƴan kasuwa su lura da shi. A zamaninsa ba a san dalilin wannan ciwo ba, ba a kuma da maganinsa, kuma bai ɓoye wa kowa ba. A wancan lokaci al'adar Turawa ce a tura marar lafiya garuruwa masu nisa don wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi, a yi ta tsaga da ƙone fatar baya da sunan magani. Romberg ya hana, ya nuna cewa wahala ce da asarar dukiya kawai, gara a bar mutum a gida cikin iyalinsa a kula da shi. Wasu sun ga kamar ya cika yanke ƙauna. Mu dai da muka san yadda jarin mace ɗaya yakan ƙare tas a yawon neman magani, yau an ce sammu ne, gobe an ce ta taka wani abu a bakin rumfa, jibi an ce sanyi ne, an sayar da akuya an sayar da gado, ba mu ga laifinsa ba. Sai bayan mutuwarsa, a 1876, wani likitan Faransa mai suna Fournier ya nuna cewa tsohon tunjere ne ke jawo tabes, aka gano ƙwayar cutar a Balin a 1905, sannan da allurar fenisilin ta zo a shekarun 1940 ciwon ya yi ƙaranci ƙwarai.

Wani abin sha'awa, a wannan jami'a ta Balin da Romberg yake koyarwa ne Heinrich Barth ya yi karatu, Baturen nan matafiyi da aka sani da Abdulkarim, wanda ya sauka a Tasawa ya kuma bi ta Gazawa a watan Janairu 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, yayin da abokin tafiyarsa Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir. A Balin ɗin Barth ya mutu a 1865. Shi kuwa Romberg ya rayu har zuwa watan Yuni 1873, inda ciwon zuciya ya yi ajalinsa yana da shekara 77. Cikin waɗanda ya horar akwai wani yaro daga danginsa, Eduard Henoch, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan likitocin yara na Jamus.

Yanzu ina ciwon suga ya shigo cikin labarin? A 1864, Romberg yana da rai, wani likitan Faransa mai suna Marchal de Calvi ya nuna cewa ciwon suga ne ke lalata jijiya, ba lalacewar jijiya ke kawo suga ba kamar yadda wasu suka zata. A 1884 wani kuma mai suna Bouchard ya lura cewa da yawa daga masu suga idan an bugi ƙasan gwiwarsu ƙafar ba ta zabura. Likitocin wancan zamani suka ga masu suga suna buga diddige, suna layi idan sun rufe ido, tamkar masu tabes, har suka raɗa wa abin suna tabes na ƙarya. Daga nan gwajin Romberg ya samu sabon aiki. Bayan da aka gano insulin a Kanada a 1921 masu suga suka fara daɗewa a duniya, sai matsalar jijiya ta ƙara bayyana, domin ita sai an shekara da ciwon take fitowa. A ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta shekarar 2021, manya miliyan 537 ne ke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan rabin masu ciwon za su gamu da lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu.

Yadda abin yake shi ne, suga idan ya yi yawa a jini shekara da shekaru yakan cinye jijiyar kanta, ya kuma toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Wadda ta fi tsawo ita ke fara jin jiki, ita ce kuwa wadda ta taso daga ƙugu ta sauka har babban yatsa, kusan mita guda a jikin babba. Shi ya sa abin kan fara daga yatsu, a ƙafa biyu baki ɗaya, ya riƙa hawa kamar ana sanya safa. Wani yakan ji zafi kamar barkono ko sukar allura, musamman da dare. Wani ba ya jin komai, kuma wannan ya fi haɗari.

Ita tsayuwar ɗan Adam shaidu uku ne ke riƙe da ita: ido, da can cikin kunne inda ma'aunin jiki yake, da kuma labarin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aikawa sama. Duk ɗan kasuwa ya san bashin da ke da shaidu uku, idan ɗaya ya mutu biyun sun isa. Haka mai suga yake, shaidar ƙafa ta tafi amma ido da kunne suna rufa masa asiri, har shi kansa bai san an yi rashi ba. Ranar da ido ya kau, saura shaida ɗaya, sai magana ta rushe. Abin da Romberg ya yi ke nan da ya ce a rufe ido, ya janye shaida guda don ya ga ko akwai na ukun.

Rayuwa ma tana yi mana wannan gwaji kullum ba tare da likita ba. Hajiya ta fito da asuba za ta kewaya babu fitila. Alhaji ya runtse ido yana wanke fuska, ko ya ɗage ƙafa ɗaya zai wanke a wajen alwala, ko yana cire riga ta rufe masa kai. Mai talla ta ɗora tire a ka, ba halin ta sunkuya ta dubi ƙasa, ga kasuwa cike da igiyoyin rumfa da ramuka da kwata. An tashi daga kasuwar ƙauye bayan magariba, za a sauko daga bayan mota ko amalanke a cikin duhu. A irin waɗannan wurare ake faɗuwa, kuma karayar ƙugu ga dattijuwa ba ƙaramin abu ba ne, sau da yawa daga nan sana'a ta tsaya, adashi ya karye, gida ya shiga wani hali. Ga shi kuma ciwon suga yana taɓa ido, da yana da lalacewar bayan ido, wato shaida na biyu ma ba shi da tabbas. Akwai alamar da mata suka fi saurin ganewa: silifa ta fita daga ƙafa an yi taku da yawa ba a sani ba.

Yadda ake gwajin a asibiti, mutum zai tsaya ba takalmi, ƙafafu a haɗe, hannuwa a gefe, ido buɗe kamar daƙiƙa 30, sannan ya rufe ido kamar wata daƙiƙa 30, ma'aikacin lafiya yana tsaye dab da shi don ya tare shi. Ɗan motsi kaɗan ba komai ba ne, kowa yana yi. Abin dubawa shi ne wanda sai ya matsar da ƙafa, ko ya buɗe ido, ko ya tafi zai faɗi. Idan kuwa mutum ya kasa tsayuwa ko da ido buɗe, to sai a nemi matsalar a wani wuri, kamar ƙeyar ƙwaƙwalwa. Muna roƙo kada wanda ya karanta wannan ya je ya gwada shi kaɗai a ɗaki.

Sai dai gwajin yana da iyakarsa. Ba ya kama ciwon tun yana ɗanye, sai jijiya ta riga ta ji jiki, kuma ba ya faɗin dalili. Ƙarancin sinadarin bitamin B12 yana kawo irin wannan, kuma maganin suga na metformin idan an daɗe ana sha yakan rage wannan sinadari. Giya tana kawowa, haka wasu magungunan tarin fuka, haka matsalar cikin kunne. Shi ya sa likitocin yau suke haɗa shi da wasu gwaje-gwaje. Akwai wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa da ake kaɗawa a ɗora a ƙashin babban yatsa, a tambaye ka ko kana jin kakkarwarsa. Akwai tsayuwa da ƙafa ɗaya, da jera ƙafa ɗaya gaban ɗaya. Akwai wanda wasu masana a Kanada suka fitar a 1991, inda mutum zai tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna ana duba agogo, wanda ya kai daƙiƙa 12 ko fiye sai a sa masa ido don yana cikin haɗarin faɗuwa.

Sannan akwai zaren roba mai kama da na fatsa, wanda ake dannawa a tafin ƙafa har ya lanƙwashe, nauyin dannawar giram 10, majiyyaci kuma idonsa a rufe. Wanda bai ji shi ba ƙafarsa ba ta da mai gadi. Wannan zare daga wajen masu jinyar kuturta ya shigo fagen ciwon suga. Wani likitan Ingila, Paul Brand, da ya yi aiki a Indiya sannan a Carville ta Amurka, shi ya nuna cewa yawancin gyambon da guntulewar gaɓoɓin kutare daga rashin jin zafi suke, mutum ya yi ta taka rauni bai sani ba, kuma ya nuna haka ƙafar mai suga take. Mutanen yankinmu da suka san asibitin kutare na Danja, kudu da Maraɗi, wanda yake aiki tun shekarun 1950, ba baƙon zance ba ne a wurinsu.

Ƙa'idar likitoci ita ce babban da aka gano yana da suga a duba masa ƙafa tun ranar farko, sannan a maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara. Da yawa sukan je a auna jini a karɓi magani a fito, takalmi bai fita daga ƙafa ba. Hakkinki ne Hajiya ki cire takalmin da kanki ki ce a duba, ki kuma faɗa idan kin taɓa faɗuwa ko kina tangaɗi da dare, ko a ƙaramin asibitin CSI ne, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura ki na gunduma ko Maraɗi. Jijiyar da ta riga ta mutu ba kasafai take dawowa ba, amma riƙe suga yana rage saurin ɓarnar. Wani babban bincike da aka kammala a Amurka da Kanada a 1993 a kan masu nau'in suga na farko, wato masu dogaro da allurar insulin, ya nuna cewa tsananta kula da suga ya rage aukuwar ciwon jijiya da kusan kashi 60 cikin 100. Motsa ƙafa da koyon tsayuwa ana dafe da bango suna taimakawa, haka tocila a gefen shimfiɗa, da takalmi mai maɗauri a diddige maimakon silifa, da kujera ƴar tsugunno a wajen wanka da alwala, da sanda ga wanda ya kai ga haka. Batun salla a zaune ga wanda tsayuwa ke neman kayar da shi kuwa, malamai sun yi bayaninsa, sai a tambaye su.

Abu guda da ba a jira da shi: tangaɗin jijiya a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Idan jiri ko tangaɗi ya zo farat ɗaya tare da gumi da kakkarwa da yunwa ga mai shan maganin suga, mai yiwuwa sugan ne ya faɗi ƙasa, a ba shi abu mai zaƙi nan take idan yana iya haɗiya. Idan kuma ya zo da karkacewar baki, ko harɗewar harshe, ko mutuwar hannu ɗaya, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, sai a nemi mota a nufi asibiti a wannan sa'ar.